Shekarar da Na Hana a Yi wa Inna Wasan Gumba

Shekarun baya, ina ajin farko na babbar sakandare, aka yi wa mahaifina canjin wurin aiki daga Minna zuwa Zariya. Kafin a samu gidan haya sai muka sauka a gidan kakata ta wajen uwa, a Tudun Wada. Abin da na fara gani da muka shiga tsakar gida shi ne takalman mutum biyu a ƙofar ɗakinta. Na farko silifas ne da dunduniya ta cinye bayansa har ya koma kamar ganye. Na biyu baƙi ne mai ɗan tudu, sai sheƙi yake yi. Na tsaya ina kallonsu, don girmansu ɗaya, har yadda aka karkatar da na hagu wajen cirewa iri ɗaya ne.

Na yi sallama na ɗaga labule. Mata biyu ne zaune a kan tabarma. Hanci ɗaya, goshi ɗaya, wushirya ɗaya. Amma da ban san su ba, da na rantse ɗaya ce ta haifi ɗaya.

Kakata, wadda muke kira Inna, 'yan biyu ne ita da 'yar'uwarta, wadda kowa ke ce wa Hajiya. Na san haka tun ina ƙarama, sai dai zuwanmu Zariya daga Salla sai Salla ne, kuma ban taɓa samun su zaune wuri ɗaya ba sai ran nan. Hajiya a Hanwa take, mijinta tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Bayanta a miƙe, fatar hannunta sumul, lalle ya kama ta ram. Inna kuwa mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara, ta yi shekara da shekaru tana tuyar ƙosai da waina a ƙofar gida a kan murhun itace, da wannan ta raine su. Bayan hannunta duk ɗigo-ɗigon tabon mai ne. Ta ranƙwafa, idonta na dama ya fara yana, ga wani miki a ƙwaurinta da ya ƙi warkewa tun kafin azumi. A kan taga magunguna ne jere, na hawan jini da na suga.

Na durƙusa na ce, "Ina wuni, Inna."

Ta ce, "Lafiya lau, 'yar Minna. Kun sha hanya. Allah ya yi albarka."

Shi ke nan gaisuwarmu. Na koma gefe na raɓe jikin akwati, inda nake jin daɗin zama a kowane ɗaki, wato inda za a manta da ni.

Ban gama gyara zama ba sai na ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a waje. Wata yarinya sa'ata ta faɗo ɗakin, sallamar ma a guje ta yi ta. Jikar Hajiya ce, 'yar'uwata ke nan. Ko kallon kakarta ba ta yi ba, ta tsaya a kan Inna ta riƙe ƙugu.

"Tsohuwa! Har yanzu kina nan? Ni fa ko abincin rana ban ci ba, an ce mini yau ake rabon gumba."

Na san jikoki na tsokanar kakanni da gumbar sadaka da ake dakawa idan tsoho ya rasu, amma a baki kawai nake ji. Ban taɓa ganin an faɗa wa mara lafiya ido da ido ba. Na saci kallon mahaifiyata in ga ko za ta tsawatar, sai na ga murmushi take yi.

Inna kuwa ta tuntsire da dariya har kafaɗunta na rawa. Ta ce, "Ja'ira! To yunwa ce za ta kashe ki, don ba inda za ni. Sai na ga wanda zai kwashi wannan dogon wuyan naki tukuna, in ba shi haƙuri."

"Ke za ki riga ni aure ai. Malam mai rake na bakin layi kullum sai ya tambaye ni lafiyarki."

"Allah ya tsare ni. Da wane haƙorin zan auri mai rake?"

Ɗakin ya kaure da dariya. Ni kuwa wani abu na hango. Idan Inna ta yi dariya sosai, wani ɗan rami yakan lotsa a kumatunta na hagu, a tsakiyar tamoji. Duk zuwan da na taɓa yi ban san tana da shi ba. Nan take na ji wani abu ya tsaya mini a ƙirji, kamar na haɗiyi tuwo da zafi.

Haka zaman ya ci gaba. A ɗakin Inna nake kwana. Ni ke kai mata ruwan alwala, ni ke ɓare mata magani, ni ke shafa mata man zafi a gwiwa bayan La'asar. Na san ba ta son kokon da ya yi tsami, na san da kunnen hagu ta fi ji, na san idan ta fara murza gefen zanenta da yatsa biyu to ƙafar ce ke mata zugi ba ta son faɗa. Duk abin da na yi mata sai ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar Minna." Cikin taushi take faɗa, irin yadda ake yi wa baƙon kirki.

Ran Asabar sai keke ya tsaya. 'Yar'uwata ta shigo, ba ta ɗauki ko tsintsiya ba. Ta ɓoye wa Inna sanda a bayan randa, ta ɓalli rabin goronta, ta kwanta ta ɗora kai a cinyar da na gama shafa wa mai. Sai zagi da dariya su cika ɗakin. In za ta tafi, Inna ta sa hannu ƙarƙashin katifa ta zaro ƙullin dabino ta jefa mata, ta ce, "Ungo, mayya, ki rage yunwar gumbar."

Ni ina samun albarka, ita tana samun dariya. Na san albarka ta fi, an koya mana a Islamiyya. Amma wallahi dariyar nake so.

Abin da ya ƙara mini zafi shi ne zuwa Hanwa. Can na ga Hajiya tana hawa bene ba ta dafa bango ba, tana zura zare a allura ba tabarau, tana faɗa da mai gyaran famfo da murya garau. Na ce a raina, wannan yarinya tana da kaka sabuwa fil a gida, wadda za ta ga aurenta har ta goya 'ya'yanta. Ni tawa ta kusa ƙarewa. Amma duk da haka sai ta hau keke ta zo ta kwashe ɗan abin da ya rage a tawa. Har Hajiyar ma na fara jin haushinta. Ciki ɗaya suka kwanta, rana ɗaya suka faɗo duniya, me ya sa ita aka bar mata ƙuruciya, tawa aka ƙwace mata?

Wannan tambayar ce na kai makaranta. Muna karatun ƙwayoyin halitta a lokacin, kuma ni ba na ɗaga hannu a aji ko da amsa na ƙona mini baki. Na jira har kowa ya fita tara, sannan na lallaɓa wajen malamar bayoloji tana kakkaɓe alli daga hannunta. Sai da ta ce in ɗaga murya sau biyu kafin ta ji ni.

Na ce, "Malama, me ke sa 'yan biyu masu kama ɗaya, ɗaya ta riga ɗaya tsufa?"

Ta dube ni, ta jawo kujera ta ce in zauna. Ta kama gefen mayafinta ta nuna mini inda tela ya kalmashe bakin ya ɗinke.

"Kin ga wannan ɗinkin? Ba ado ba ne. Shi ke hana zaren mayafin zarewa. To jikinki duka ƙananan ƙwayoyi ne, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai zarurrukan gado, waɗanda muke kira kromosom. Kowane zare yana da irin wannan kariyar a bakinsa. Sunanta telomiya."

Ta ce ƙwayoyin jiki suna rabuwa biyu don su maye gurbin waɗanda suka mutu, da haka fata ke sabuntuwa, da haka ciwo ke warkewa. Amma duk rabuwar da ƙwaya ta yi, sai telomiyarta ta ɗan ragu. Idan ta gajarce sosai, ƙwayar ta daina rabuwa. Wata ta mutu, wata kuma ta zauna a gajiye tana fitar da abubuwan da ke takura wa maƙwabtanta. Idan irin waɗannan suka yi yawa sai gyaran jiki ya yi nauyi, miki ya daɗe bai rufe ba, garkuwar jiki ta yi rauni. Ta ce masana sun ga alaƙa tsakanin gajeriyar telomiya da cututtukan da ke zuwa da girma, irin su ciwon zuciya da na suga.

Na ce, "To 'yan biyun fa?"

"Sukan fara da tsawo kusan ɗaya. Rayuwa ce ke raba su. Hayaƙi, rashin barci, ciwo mai daɗewa, doguwar damuwa, duk ana ganin suna sa ta saurin gajarcewa."

Daga nan ta ɗaga yatsa ta yi mini gargaɗi. Ta ce kar in ɗauka telomiya ce kaɗai labarin tsufa, abubuwa da yawa ne suka haɗu. Ta ce ba agogo ba ce da za a duba a ce saura kaza, kuma alaƙa daban, dalili daban. Ta ce ko doguwar ma ba kullum ce alheri ba, don ƙwayoyin ciwon daji sun iya sake tsawaita tasu, shi ya sa ba sa daina rabuwa. Duk ta faɗi wannan, na kuma gyaɗa kai kamar mai fahimta. Amma kalma biyu kaɗai na ɗauko na taho da su gida: doguwar damuwa.

Tun daga ran nan in na dubi Inna sai in ga zare yana zarewa. Hayaƙin murhu ya riga ya yi nasa, maraicin 'ya'ya ya yi nasa, ba abin da zan iya a kansu. Amma damuwa, wannan kam zan iya tarewa. Kuma wace damuwa ta fi a riƙa tuna wa tsohuwa mutuwa duk mako? Ku dubi yadda ilimin ya zo daidai da abin da zuciyata ke so, kamar an auna.

Asabar ɗin da ta biyo, 'yar'uwata ta shigo tana cewa, "Tsohuwa, sabon gero ya shigo kasuwa, mai kyau, fari tas. In ce a ajiye mana ko za ki ƙara ja mana rai?" Inna ta yi dariya har ta sarƙe, tari ya turnuƙe ta, sai da na kawo ruwa na yi ta shafa mata baya. Ina shafawa ina jin wani daɗi-daɗi a ƙasan tsorona. Na samu hujja.

Cikin makon mahaifiyata ta kai Inna asibiti ganin likita kamar yadda aka saba. Suka dawo fuskar mahaifiyata ba walwala, an ce jinin ya ɗan hau. Na same ta a madafa tana gyaran shinkafa, na yi jawabi mafi tsawo da na taɓa yi a rayuwata. Na kama bakin zanenta na nuna mata ɗinki. Na yi bayanin ƙwayoyi da rabuwa da zare. Na ce duk ranar da aka yi wa Inna zancen gumba, telomiyarta raguwa take yi. Malamata ba ta ce haka ba, ni na ƙara da kaina, kuma har ga Allah a lokacin na yarda da abin da nake faɗa.

Mahaifiyata ta saki tire ta zuba mini ido. Yarinyar da ba ta iya tambayar gishiri a gidan maƙwabta, yau ga ta tana zuba kamar likita. Ta ce, "A makaranta aka koya muku wannan?" Na ce e. Da yamma na ji ta a waya da mahaifiyar 'yar'uwata, tana cewa a ja wa yarinyar nan kunne, a bar wasan mutuwar nan haka, jikin Inna ba ya so. Ba wanda ya ga dalilin gaya wa Inna, don kar a ƙara mata damuwa.

Da Asabar ta zagayo, keke ya tsaya. Aka yi sallama a hankali. 'Yar'uwata ta shigo ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Inna. Ya ƙarfin jiki?"

Inna ta karkato kunnen hagu, tana jiran sauran. Ta ce, "Yau kuma ba a zo da yunwa ba?"

"Na ƙoshi, Inna. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta koma gefe ta zauna, ta watso mini harara. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ninke kaya, zuciyata fari ƙal. Yanzu mun zama ɗaya, 'yan mata biyu masu ladabi, kowa da albarkarta. Na lura Inna ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta dubi magungunan da ke kan taga, sannan ta dubi ƙofa inda mahaifiyata ta gifta. Na ga duk wannan, don ba abin da ke wuce ni. Fassarar ce ban iya ba.

Daga nan Inna ta fara sauyawa. Kokon safe sai ta kurɓa kaɗan ta ture. Ta daina fita zaure da hantsi inda take zama tana amsa gaisuwar masu wucewa. Ta sa aka kira maƙwabciyarmu, wadda suka yi shekaru suna 'yar tsama a kan magudanar ruwa, ta nemi gafararta, sannan ta ba ta babban kaskon tuyarta kyauta. Wata rana ta sa na buɗe akwati, ta fara ware zannuwa, wannan na wance, wannan na wance. Mahaifiyata ta shiga ɗaki tana share hawaye. Aka sake auna jini, bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi.

Ni kuwa na ce lallai zaren ya zo ƙarshe, mun makara. Sai na ƙara tsanani. Na kori yaran layi daga ƙofar gida, na rage muryar rediyo, na koma tafiya da sanɗa. Gidan ya yi tsit kamar ana zaman makoki ba gawa. Ga ni ni kaɗai da Inna yadda na so, ba mai raba mu. Amma ramin kumatun nan ban sake ganinsa ba.

Wata Alhamis da hantsi, ana hutun tsakiyar zango, Hajiya ta zo. Ina gindin gado ina wanke wa Inna mikin ƙafa da ruwan ɗumi. Kamar kullum, suka manta ina wurin.

Inna ta ce, "Ke dai ba za ki ɓoye mini ba. Me likitan nan ya gaya wa yaran nan?"

Hajiya ta ce, "Me zai ce? Ki rage gishiri, ki sha magani a kan lokaci."

"Kar ki yi mini haka. Tare aka yanke mana cibi."

"Wallahi iyakar abin da na sani ke nan."

Inna ta girgiza kai. Muryarta ta yi ƙasa. "Tun da aka dawo da ni daga asibiti jikarki ta daina neman gumbata. Durƙusawa take yi tana mini ya jiki. Ni ba yarinya ba ce. Na yi wa kakarmu wasan nan har ta kwanta ciwon ajali, kin tuna ranar da Baba ya kira mu ya ce mu bari? Ba ta ƙara mako ba. Ba a daina yi wa tsoho wasan gumba sai an ga gumbar ta zo da gaske. In lokaci ne, ku faɗa mini in ƙarasa shirina. Ba mutuwar nake tsoro ba, wannan lallaɓawar ce ke kashe ni."

Tsumman ya suɓuce daga hannuna ya faɗa cikin ruwa. Su biyun suka waiwayo, fuska iri ɗaya, ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Cikin kukan nake cewa ba likita ba ne, telomiya ce, ni ce, malama ce ta ce damuwa, zare ne yake zarewa.

Hajiya ta ce, "Ke, tsaya. Wace ce kuma Telomiya? 'Yar gidan wa?"

Aka kira mahaifiyata. Sai da na sake bayanin tun daga farko, ina jan majina, ina nuna bakin zanen Inna. Wannan karon jawabin bai yi armashi ba ko kaɗan. Da na gama, Hajiya ta riƙe haɓa tana salati. Mahaifiyata ta rasa inda za ta sa kanta don kunya.

Inna ta yi ta murza bakin zanen. Can ta ce, "Malamarku ba ta yi ƙarya ba. Bakin ya zare, ni da ke ɗaure da shi na fi kowa sani. Hayaƙi na sha shi, rashin barci na yi shi. To amma ke 'yar Minna, da kika ga zane ya tsufa sai ki ninke shi ki sa a akwati tun mai shi na da rai?"

Hajiya ce ta karɓe. "Ke ma dai kin samu. Ni jikar tawa ko sau ɗaya ba ta taɓa neman gumbata ba. Wai ban yi kama da mai gumba ba. Ni na raine ta, amma in tana son dariya sai ta hau keke ta taho Tudun Wada."

Na ɗago kai na dube ta. Da wasa ta faɗa, amma na san wannan muryar. Irin tawa ce.

Inna ta ce a kira mata ja'irar a waya yanzu-yanzu. Sannan ta dubi mahaifiyata ta ce, "Ke kuma ki leƙa maƙwabta ki karɓo mini kaskona. Gafarar na bar mata, amma kaskon aro ne."

Ba a yi Azahar ba keke ya tsaya. 'Yar'uwata ta shigo da ƙullin gero a leda, ta dire shi a gaban Inna. "Tsohuwa, an ce kin raba zannuwa. Ina nawa? Kuma ga gero na kawo da kaina, tunda na ga abin naki sai an taimaka miki."

"Kwashe tsiyarki! Da shi za a yi kunun sunan 'yarki, in an samu mai tsautsayin da zai aure ki."

Ran nan Inna ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Ramin kumatu ya dawo. Ni kuma na koma jikin akwati, kuma in gaya muku gaskiya, kishin bai tafi ba. Ƙaruwa ya yi. Da hannuna na tabbatar wa gida duka cewa 'yar'uwata magani ce, ni kuwa mai shafa man zafi. 'Yar'uwata kuwa ta yi wata guda tana kirana Likita. In na shigo sai ta ce, "A yi shiru, ga Likita nan, kar a zare wa tsohuwa zare."

Yanzu ina ajin ƙarshe, na sake karanta darasin nan da idon da ya fi na da buɗewa. Na ga duk gargaɗin da malamata ta yi mini wanda na bari a kan kujera. Na kuma gane cewa in ana lissafa damuwa, to tsoro da kaɗaici suna sahun gaba, kuma su na ɗura wa Inna da sunan kariya. Ba zan ce muku dariya ta tsawaita mata telomiya ba, ba wanda ya auna, kuma na daina ƙara wa malamai abin da ba su faɗa ba. Abin da na sani shi ne tana nan da ranta. Mikin ya rufe a hankali, idon dama ya tafi, har yau in ta zauna kusa da Hajiya baƙo sai ya gaishe ta a matsayin uwa. Mun daɗe da komawa gidan haya, amma nan kusa ne, kullum sai na leƙa ta. Har yau kuma in na ji keke ya tsaya ran Asabar sai wani ɗan abu ya motsa mini a ƙirji. Na dai san sunansa yanzu, ba na sa masa rigar kimiyya.

Abu ɗaya ne ya sauya. Inna ta daina ce mini 'yar Minna. Sunan da ta laƙaba mini ba zan rubuta shi a nan ba ko za ku roƙe ni, don ya shafi hancina. Ga dai yadda aka yi na same shi.

Bayan abin nan ya lafa, na yi ta gwada wasan a ɓoye. In tsaya a bayan ɗaki in riƙe ƙugu in ce, "Tsohuwa, har yanzu kina nan?" A can yana fita daidai. Amma da na shiga na ga hannun nan mai tabon mai, sai kalmar gumba ta maƙale mini a wuya, idona ya kawo ruwa. Na gane ba zan taɓa iyawa ba.

Wata rana bayan La'asar na gama shafa mata mai a gwiwa, na rufe kwalba. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar Minna." A nan na saba tashi. Ran nan ban tashi ba. Na zagaya ta wajen kunnenta na hagu na durƙusa.

"Inna."

"Na'am. Wani ilimin aka kuma koyo mana?"

"A'a." Na ƙara matsowa. "Inna, ni ban iya tsokana ba. Na gwada, in na zo faɗa kuka ke zuwa mini. Amma ke kin iya. Albarkar na gode, kar ki daina. Sai dai don Allah, ni ma ki riƙa zagina."